Yadda Za Ka Ci Taba Har Dasashinka Ya Yi Ƙaura, Kana Cewa Ka Bari

Yayana Na Allah ya fara cin taba da kakar shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da biyu bayan Hijira, a karar dabbobi ta kasuwar Kanan-Bakashe, inda yake dillanci. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina nazarinsa kamar yadda mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya koya mini nazarin littafi: a tsanake, ba tsallake. Abin da na tattara shi nake miƙa maka, ya kai mai karatu, tare da tabbaci. Idan ka bi waɗannan matakai bi da bi, dasashinka zai tattara nasa ya nasa ya bar haƙoranka tsirara, alhali gari duka yana shaidarka da cewa ka bar taba, ba sau ɗaya ba ma. An jarraba, an ga aiki.

Ya kamata ka fara sanin malamin da za ka yi koyi da shi. Da abu biyu aka san Na Allah. Na farko, idan ya buɗe bakin jaki ko raƙumi ya duba, zai faɗi shekarunsa ba kuskure, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Mai sayarwa na ƙarya, mai saye na ƙarya, haƙori ba ya ƙarya." Na biyu shi ne ƙulli. A kasuwarmu igiya ba ta bin dabba: idan ciniki ya faɗa, mai saye ya kawo tasa, mai sayarwa ya koma gida da tasa. Ƙullin da dabba ta yini tana ja kuwa ba ya kwantuwa da yatsa. Sauran dillalai wuƙa suke sawa, igiya ta gajarce, makiyayi ya tafi yana ƙunƙuni. Na Allah shi kaɗai yake sunkuyawa ya sa haƙoransa biyu na gaba, na ƙasa, ya kwance ko wane irin ƙulli igiya ba ta ji ciwo ba. Saboda wannan makiyaya suke wuce dillalai biyar su zo wurinsa. Waɗannan haƙora biyu su ne gonarsa, su ne rumbunsa. Ka riƙe su a ranka, don a kansu za a yi aikin.

1. Ka fara da ta wani

Kada ka saya. Wanda bai saya ba bai fara ba, ɗanɗanawa yake yi, ko da ya shekara yana ɗanɗanawa.

Ka nemi aboki mai hannun kyauta. Na yayana shi ne Sidi, mai raƙuma daga wajen Cake, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa ganin bakinsa ba saboda amawali. Ran da suka gama cinikinsu na farko Sidi ya fito da batta, ya kaɗa garin taba a tafin hannu, ya marmasa kanwa a kai, ya miƙa.

"Ni kau ba na ci," in ji Na Allah.

"Ba ci za ka yi ba, Dillali. Ajiyewa za ka yi bayan leɓe, ta yi zamanta."

Ka lura da wannan hikima. Ajiya amana ce, riƙon amana kuwa halin kirki ne. Kanka zai juya, ƙasa ta yi sama, mai yiwuwa ka zauna a kan kashin raƙumi ba ka sani ba, kamar yadda ya faru ga yayana. Kada ka karaya. Kasuwa ta gaba ka sake karɓar ajiya. Idan ka kai inda abokinka yake juya baya kafin ya buɗe battarsa, lokacin yin taka ya yi.

2. Ka ba ta mazauni ɗaya

Masu gaggawa sukan yi ta sauya mata wuri, yau kuncin dama, gobe na hagu. Wannan raba aiki ne, kuma yana jinkirta sakamako. Kai ka zaɓi wuri ɗaya, tsakanin leɓen ƙasa da gindin haƙoran da ka fi buƙata a sana'arka. Nan za ta sauka da hantsi, nan da azahar, nan da la'asar. Baƙon da aka sauya wa ɗaki kullum ba ya sakewa.

Idan ka ji ta daina yaji, ka ƙara kanwa. Idan ta sake dainawa, ka sake ƙarawa.

Aikin ba ya nuna kansa da wuri, sai ka yi haƙuri. Ka taɓa lura da tabki bayan ɗaukewar damina? Ba wanda yake ganin ruwa yana tafiya, sai dai wata rana ka ga kututturen da yake cikin ruwa ya koma tudu. Haka dasashi yake. Da fari zai yi ja, ya riƙa ba aswakinka launi. Sannan wurin ya yi fari-fari, ya tattare kamar fatar da aka bari a rana. Sannan ya fara ja da baya, a natse, ba sallama.

3. Ka ce haƙori ne ya ƙara tsawo

Matarka ce za ta fara gani, don ita take zama kusa da kai idan kana dariya. Furera, matar yayana, ta gani a shekara ta biyar.

"Maigida, naman bakinka fa yana gudu."

"Wane nama? Haƙori ne ya ƙara tsawo. Albarka ce. Sauran mutane nasu yana tsayawa tun suna yara."

"To Allah ya sa ya tsaya kafin ya kai hanci."

Kada ka tanka wa irin wannan. Ka tofar da yawu gefe cikin mutunci, ka tambayi ko an ba akuya ruwa.

Wata alama za ta biyo baya: ruwan randa zai riƙa sukarka a gindin haƙori kamar an caka ƙaya. Laifin randa ne. Ka ce maginiyar ta cika mata sanyi, ka sa a jawo ta rana. Yayana ya sauya randa uku, ya ɓata da maginiya biyu, daga ƙarshe ya koma shan ruwan da ya yini a buta, yana cewa likitocin Larabawa sun yaba ruwan ɗumi. Na duba duk littattafan da mahaifinmu ya bari ban ga wurin ba, amma ban duba na wasu ba.

Akwai wahala ɗaya ga wanda yake dillanci. Kullum za ka buɗe bakin tsohon jaki ka nuna wa mai saye ka ce, "Duba nan, dasashi ya ja baya, haƙori ya yi zaƙo-zaƙo, wannan ya ga jiya ya ga yau." Ka koyi faɗin haka bakinka a tsuke.

4. Ka bari a gaban jama'a, ka yawaita

Wannan shi ne ginshiƙin fannin. Mutumin da bai taɓa cewa ya bari ba mashayi ne kawai. Wanda ya bari sau bakwai kuwa mai ƙoƙari ne, ana yi masa addu'a.

Ka zaɓi taro: suna, ko zaman makoki, ko gindin gawo bayan sallar Juma'a. Ka miƙe, ka gyara murya, ka sanar. Sirrin yana ƙarshen magana, inda za ka maƙala ɗan sharaɗi da murya ƙasa-ƙasa daidai lokacin da mutane suka ɗauki "madalla".

Ga wasu daga cikin na yayana, ka zaɓi wanda ya dace da kai. Ya bar taba, sai dai idan an ba shi, don mayar da hannun kyauta wulaƙanci ne. A wannan watan ba wanda bai gaisa da shi ba a kara. Ya bar tabar Katsina har abada. Ya koma wadda ake nomawa a fadamar kusa. Ya yi alkawari hannunsa ba zai sake kai taba bakinsa ba. Ya cika alkawarin kuwa, don tun daga ranar jan leɓe yake yi ya kaɗa daga batta kai tsaye. Wata rana ya ɗaga battar sama kowa yana gani ya jefa ta bayan darni da dukan ƙarfinsa. Darnin gidansa ne. Bayansa kuma ɗakin kajinsa.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma wannan da gaske nake: kada ka sa sunan Allah a cikin irin wannan magana. Yayana, duk da halinsa, bai taɓa sawa ba.

Watan azumi yana da haɗari ga mai bin wannan hanya, don yana fallasa cewa kana iyawa. Ni da kaina na taɓa kawo masa wannan hujja.

"Yaya, wanda ya yini tun asuba har faɗuwar rana bai sa ta a baki ba, kwana talatin a jere, ai ya nuna ya fi ƙarfinta."

"To kin gani, Malama Zara'u," in ji shi, yana jan leɓe tun kafin ladan ya rufe baki. "Tun da ina iyawa, gaggawar mi ake yi?"



5. Ka rufe wurin aikin

Lokaci zai zo da gindin haƙoran zai fito fili, rawaya da baƙi, siriri kamar ƙafar balbela. Yara za su riƙa ba ka labarin dariya don su gani. A nan sai ka koma ga abokin da ya fara ba ka, ka ari wani abu kuma: amawali.

Na Allah ya naɗa farin rawani ya ja shi har ƙarƙashin hanci, irin na Sidi. Ya ce girma ne ya zo. Kwana biyu ana gaishe shi da rusunawa, har wata tsohuwa ta tare shi a hanya ta nemi ya tofa wa jikanta addu'a.

Sai dai mai taba a baki dole ya tofar, kuma Sidi ya gaji sanin yadda ake ɗaga gefen amawali da yatsa ɗaya a juya kai. Yayana bai gada ba. Yakan manta. Kafin kasuwa ta zagayo farin rawanin ya yi zane-zane kamar bayan zabuwa, Furera ta ce ita ta gama wanki, wanda ya ɓata ya je rijiya. Maganin wannan shi ne baƙin rawani mai shuni. Zai rina maka gemu da haɓa, ka fito kamar wanda ya leƙa karofi ya faɗa, amma wanda yake kallon haɓarka ba ya kallon dasashinka.

6. Ka guji wanzami

Idan ka iya. Yayana bai iya ba, don gemu ba ya jiran kowa, kuma ba a gyara shi ta bayan amawali.

Mai Nasara wanzami sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya, ba kunya tsakaninsu. Yana ganin abin ya ajiye aska.

"Ja leɓen nan in gani."

"Gemu na kawo, Wanzam."

"Gemun ba inda za shi. Ja." Ya sa ɗan yatsa ya taɓa haƙorin hagu, haƙorin ya gaishe shi. Ya taɓa na dama, shi ma ya ɗan rusuna. "Na Allah, saiwa nake gani a waje. Ka san itacen bakin kwari da ruwa ya cinye gindinsa? Yana nan tsaye da ganyensa kore, har ran da akuya za ta sosa jiki da shi."

"Ba ni abin kurkurawa mana."

"Zan ba ka bagaruwa da gishiri, jinin zai ragu. Amma dasashin da ya tafi ya tafi, ko ka tafasa bagaruwar daji duka. Wanda ya rage ake lallashi. Ka bar taba. Ka bar ƙulli."

"In bar ƙulli in ci mi?"

"In ba ka bari ba ma, da mi za ka ci?"

Idan aka yi maka irin wannan magana, ka gode, ka ja amawalinka, ka fita. A hanya ka tuna wa kanka cewa cire haƙori sana'ar wanzami ce, saboda haka duk haƙorin duniya girgiza yake yi a idonsa. Masu hikima sun ce mai sayar da tukunya ba ya ganin tsohuwar tukunya ba tsaga. Ban san waɗanne masu hikima ba ne, daga bakin yayana na ji.

7. Kada ka ƙi ƙulli a gaban mutane

Ban halarci wannan mataki ba. Furera ce ta gani, tana sayar da fura a gindin gawon da yake fuskantar kara, kuma mace ce da ba ta ƙari.

Kasuwa ce ta tsakiyar damina. Sidi ya kawo wata taguwa daga cikin raƙumansa, wani falke ya taya, Na Allah ya haɗa hannuwansu, aka yi albarka. Saura igiya. Ta gashin raƙumi ce, baƙa da fari, ruwa ya dake ta a hanya rana kuma ta busar, ƙullin ya koma kamar ƙwallon goriba. Sidi ya ce kada a sa wuƙa, mahaifiyarsa Lalla ce ta kitsa ta da hannunta kafin idonta ya tafi. Ya ce a nemo tsinke a bi shi a hankali, ba sauri yake yi ba.

To a nan ne za a jarraba ka, don hanya ta buɗe ta tsira. Kada ka bi ta. Ka jira wani ya tsokane ka.

Haladu, dillalin da rumfarsa take kusa, wanda ya shekara goma yana kallon makiyaya suna wuce shi, ya ce da murya mai daɗi, "A ba dattijo tsinke, jama'a. Ai tun da aka rufe bakin nan na san an yi kwantai. Ko a buɗe mu duba shekarunsa?"

Aka yi dariya. Yayana ya sauke amawali. Furera ta ce dariyar ta tsaya cak, don wasu shekara biyu rabonsu da ganin wurin. Ya sunkuya, ya kafa haƙora, ya ja. Ƙullin bai motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, daidai lokacin da taguwar ta ga ganyen wata aduwa ta ɗaga kai.

Ƙullin ya kwance, wannan kam gaskiya ne, kuma ya ce in rubuta. Igiyar Lalla ba ta ji ciwo ba. Sai dai da Sidi ya naɗe ta sai ya ga wani abu a maƙale a cikin gashin, dogo, rawaya, ya fi abin da kowa yake zato tsawo. Ya cire shi, ya goge a hannun riga, ya miƙa.

"Igiya tawa ce, Dillali. Wannan naka ne."

Haladu ya buɗe baki zai yi magana, falken ya ce masa ya isa.

Sidi ya ja yayana bayan taguwar, inda jikinta ya kare su daga jama'a, ban da mai fura. Ya waiga dama da hagu. Sannan ya yi abin da mutanensu ba sa yi a gaban kowa: ya sa yatsa ya sauke amawalinsa kaɗan, ya ja leɓe. Furera ta ce daga wannan kusurwa zuwa waccan babu komai a ƙasa, fili fetal kamar masussuka.

"Amawali gadonmu ne, kunya ce ta iyaye," in ji Sidi, yana mayarwa. "Amma ni ya yi mini rana ta biyu. Shekara tara rabona da nama sai an daka."

"Ka kau ba ni taba, kana sane?"

"Lokacin ina da su. Na ga kuma ka fi ni sanin haƙori."

8. Ka koma gida

A nan iliminmu ya ƙare, don malamin ya bar hanya, kuma ba zan ƙirƙiro abin da ban gani ba.

Kafin in faɗi saura, ga shaidata. Ni Zara'u, mai koyar da mata karatu a cikin gida, ban taɓa sa taba a bakina ba, ban noma ta ba, ban miƙa wa kowa ba. Abin da na gani na rubuta. Duk wanda ya bi waɗannan matakai ya wayi gari yana tsotsar tsire kamar rake, ko yana jiƙa ƙuli-ƙuli tun safe don ya ci da yamma, kada ya zo ƙofarmu da ƙara. Ya nemi mai battar da ya fara miƙa masa, ya roƙe shi ya sauke amawali. Haƙoran da suka zube, da randunan da aka zarga, da rawunan da suka lalace, babu ko ɗaya a wuyana. Allah ya yafe mana abin da muka yi dariyarsa.

Bayan la'asar ta ranar kasuwar nan yayana ya shigo gidana, amawali a wuya, haɓa shuɗiya, bakinsa cushe da audugar da Mai Nasara ya sa masa. Ɗalibaina sun tashi, ba kowa a tsakar gida sai ni da kaji. Ya zauna a kan turmin da aka kifar, ya buɗe hannun hagu ya nuna mini haƙorin.

"Shekara nawa kika ba mai wannan?"

"Ba sana'ata ba ce, Yaya."

"Ni in aka kawo mini shi a kara, saba'in zan ce." Bai kai arba'in da biyar ba. Ya juya haƙorin a tafinsa. "Wanzam ya ce ɗayan yana iya zama, in an bar shi ya huta. Da ɗaya ma ana kwance ƙaramin ƙulli, na akuya."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da battar, wadda ta sha jifa ta sha dawowa, ya ajiye ta a kan tabarmata kusa da allo. Na ce ko in adana masa ita zuwa wani lokaci. Na tsaya ina jiran ɗan sharaɗin nan da yakan zo a ƙarshen magana da murya ƙasa-ƙasa. Na waiga in ga ko akwai taron da yake yi dominsa. Kaji ne kawai.

"Zubar da abin ciki, ki wanke, ki sa alluranki," in ji shi. "Na bari."